KOFIN DA AKA CI DA KUƊIN BASHI

Duk lokacin da aka ji labarin hukumar ƙwallon ƙafa ta hana wani kulob sayen sababbin 'yan wasa saboda bashi, to sai ka ji gidajen kallo sun ɗauki hayaniya, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har Sabo ta Badun da Shagamu. Masu goyon bayan kulob ɗin su ce zalunci ne, wai ta yaya za a ga mutum ya faɗi rijiya sannan a janye masa igiya. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba ta da tushe. Takunkumin hana sayen 'yan wasa ba shi ne ke kashe kulob ba. In akwai laifin da za a ga hukumomin ƙwallo, to shi ne ba su sa shi da wuri, kuma in sun sa ɗin ma manya yake karewa, ya bar ƙananan mutane a rana. Abin da ya sami kulob ɗin Portsmouth na ƙasar Ingila ya isa shaida.

Mutanen Nijeriya ba baƙi ba ne ga wannan kulob. A can Yakubu Aiyegbeni ya yi suna a farkon shekarunsa na Ingila, watau daga 2003 zuwa 2005, kuma a can Nwankwo Kanu da John Utaka suka yi wasa tare. Ran 17 ga watan Mayu na 2008, a filin Wembley da ke Landan, Utaka ne ya kwaso ƙwallo daga gefe, mai tsaron gidan Cardiff ya kasa riƙewa, Kanu ya tura ta raga. Da wannan ƙwallo ɗaya tak Portsmouth ta ɗauki kofin ƙalubale na Ingila, abin da rabonta da shi tun 1939. A watan Nuwamba na shekarar kuma sai ga AC Milan ta Italiya a ɗan ƙaramin filinsu na Fratton Park, har Portsmouth ta yi gaba da ci biyu, ɗaya daga ƙafar Kanu, kafin Ronaldinho da Inzaghi su farke a ƙarshen wasa. A wannan lokaci ba wanda ke tambayar inda kuɗi ke fitowa.

Alhali kuwa tambayar da ta kamata a yi ke nan. Filin Fratton Park mutum wajen dubu 20 kawai yake ɗauka, ba kamar filayen Manchester United ko Arsenal ba, waɗanda ke ɗaukar ninkin haka sau uku ko fiye. To amma sai ga wannan kulob yana ɗaukar 'yan wasa irin su Jermain Defoe da Peter Crouch da Lassana Diarra da Sulley Muntari na Ghana, yana biyansu albashi irin na manya. Kuɗin ƙofa da na talabijin ba su isa ba. Mai kulob ɗin na lokacin, Alexandre Gaydamak, wanda ya shigo a 2006, shi ne ke cike giɓin, wani daga aljihunsa, wani kuma rance daga banki. Kuma abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, kuɗin da irin waɗannan attajirai ke zubawa galibi ba kyauta ba ne, bashi ne ake rubuta wa kulob. Ga kuma 'yan wasan da aka saya ba a biya kuɗinsu gaba ɗaya ba, sai kashi kashi. Watau dai kayan aro aka yi ado da su, kuma Bahaushe ya riga ya faɗi cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Da tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008, bankuna suka fara neman kuɗinsu, maigida kuma ya ɗaure bakin jaka. Nan da nan aka shiga sayar da kaya. Muntari ya tafi Inter Milan, mai koyar da 'yan wasa Harry Redknapp ya koma Tottenham, Diarra ya tafi Real Madrid, Defoe da Crouch suka bi Redknapp, Glen Johnson ya tafi Liverpool. An sami miliyoyin fam daga wannan ciniki, amma kamar an zuba ruwa a kwando, domin ramin bashin ya fi ƙarfin abin da ake zubawa.

Daga nan sai kulob ya zama kamar akuyar da ake yawo da ita kasuwa kasuwa. A cikin kakar wasa ɗaya, ta 2009 zuwa 2010, mutum huɗu ne suka mallake shi. Gaydamak ya sayar wa Sulaiman Al-Fahim, mutumin Daular Larabawa, a watan Agusta, shi kuwa ko wata biyu bai yi ba ya miƙa wa Ali Al-Faraj na Saudiyya, wanda magoya baya ba su taɓa sa shi a ido a filin wasansu ba. A watan Fabrairu na 2010 kuma Balram Chainrai na Hong Kong ya karɓe, ba don sha'awar ƙwallo ba, sai don ya ba da rance an kasa biyansa. Ana cikin haka albashin 'yan wasa ya yi ta makara, hukumar haraji ta Ingila kuma ta kai ƙara kotu tana neman a rufe kulob ɗin.

A tsakiyar wannan rikici ne, cikin watan Oktoba na 2009, hukumar gasar Firimiya ta sa wa Portsmouth takunkumin rajistar sababbin 'yan wasa, saboda kuɗin da wasu kulob ke binta na 'yan wasan da ta saya. A watan Janairu hukumar ta riƙe kason Portsmouth na kuɗin talabijin ta biya waɗannan kulob kai tsaye, kafin ta ɗan sassauta ta yarda a ɗauko 'yan aro da waɗanda ba su da kulob.

To yanzu a tsaya a duba da idon basira. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Mile 12, ko a kara ta shanu, ko a zangon goro, ya san wannan doka tun kafin Turawa su rubuta ta. In mutum ya karɓi buhunan albasa bashi ya kasa biya, sannan gobe aka gan shi yana taya sabuwar mota da ta sauka, ba dillalin da zai saurare shi, kuma Sarkin kasuwa ba zai ce an zalunce shi ba. Ba ƙiyayya ba ce. Dalili shi ne duk sisin da zai kashe a sabon kaya haƙƙin wani ne, wanda shi ma yana da iyali a gida da masu binsa. In aka ƙyale shi ya ci gaba, to ba shi kaɗai zai nutse ba, har da waɗanda suka amince masa. Haka abin yake a ƙwallo. Kulob ɗin da ya ƙi biyan bashi ya je ya sayo gwanaye, ya cuci wanda ya sayar masa, sannan ya cuci abokin karawarsa da ya tsaya iyakar ƙarfinsa ya haƙura da 'yan wasan da zai iya biya.

Masu cewa takunkumi ne ya jefa Portsmouth ƙasa su tuna da abu guda: ranar da aka sa shi, kulob ɗin ya riga ya rabu da gwanayensa, yana ƙarshen tebur, ba shi da kuɗin albashin wata. Ko da an bar masa ƙofa a buɗe, da me zai saya in ba da wani sabon bashin ba? Gaskiya ne takunkumi yana da zafi, domin magoya baya da 'yan wasan da suka rage ne ke shan wuyarsa, ba su kuwa suka ci bashin ba. Amma zafin magani ba shi ne ciwo ba.

Inda hukuma ta gaza wuri biyu ne. Na farko, ta yi ihu bayan hari. Shekara uku ana kallon ƙaramin kulob yana kashe abin da ba shi da shi, ana tafa masa, ba wanda ya ce a kawo littafin lissafi a gani. Bugu da ƙari, Al-Fahim da Al-Faraj duk sun tsallake binciken cancanta da hukumar ke yi wa masu sayen kulob, domin binciken na lokacin bai tsananta wajen tabbatar da cewa mutum yana da kuɗin a hannu ba. Sai bayan da ta faru aka tsaurara dokoki, aka fara neman kulob su nuna lissafin shekara mai zuwa, mai saye kuma ya nuna inda kuɗinsa yake.

Na biyu kuwa ya fi ciwo. Ran 26 ga watan Fabrairu na 2010 aka ɗora Portsmouth a hannun akantoci masu kula da dukiyar kamfanin da ya karye, kuma shi ne kulob na farko da haka ta same shi yana cikin gasar Firimiya. Aka zabge masa maki 9. Da aka baje lissafi, bashin ya haura fam miliyan 100 nesa ba kusa ba. Cikin 'yan makonni aka sallami ma'aikata 85, ba masu buga ƙwallo ba, a'a, mutanen ofis da makamantansu masu ɗan albashi. A dokar ƙwallon Ingila kuwa, 'yan wasa da sauran kulob su ake fara biya cif cif. Sauran masu bin bashi, watau ƙananan 'yan kasuwa na garin, da makarantu, har da ƙungiyar agaji ta St John Ambulance mai kula da marasa lafiya a filin wasa, sai aka yi musu alkawarin kashi 20 cikin 100, wato sule huɗu a kowace fam in an yi lissafi irin na da, kuma a cikin shekara biyar. Ko wannan ɗin ma bai cika ba. Duk wanda ya taɓa kai wa babban kamfani kaya ya dawo yana zarya a bakin ƙofa da takarda a hannu, ya san irin wannan baƙin ciki.

'Yan wasan dai sun yi abin a yaba. Duk da sun faɗa rukuni na biyu, sun sake kai wa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 2010 a ƙarƙashin Avram Grant, inda Kevin-Prince Boateng ya ɓarar da fenariti, Didier Drogba kuma ya ci wa Chelsea ƙwallo ɗaya. Amma wahala ba ta ƙare ba. A 2011 wani ɗan Rasha mai harkar banki, Vladimir Antonov, ya sayi kulob ɗin, kafin shekara ta ƙare ƙasar Lithuania ta ba da sammacin kama shi a kan rikicin wani banki. A watan Fabrairu na 2012 kulob ya sake karyewa, aka cire maki 10, ya gangara rukuni na uku. A wannan bazara duk manyan 'yan wasa suka watse, har da Kanu, wanda ya tafi ana taƙaddama a kan albashin da yake bi. A 2013 aka sake cire wasu maki 10, sai ga zakaran 2008 a rukuni na huɗu. Shekara biyar kacal tsakanin kofi da wannan ƙasƙanci.

Wa ya cece shi? Ba wani hamshaƙi ba ne daga ƙetare. Mutanen garin ne suka kafa ƙungiya, suka yi karo-karo, kowane hannun jari fam 1,000, wanda ba shi da hali ya haɗa da 'yan'uwansa su sayi ɗaya, wasu masu hannu da shuni na garin kuma suka ƙara nasu. A watan Afrilu na 2013 suka karɓi kulob ɗinsu. Suka tsaya a kan abin da ke shigowa, ba ƙarya ba taƙama, kuma a watan Satumba na 2014 suka ba da sanarwar sun gama biyan bashin da suka gada. A 2017 suka ci gasar rukuni na huɗu, sannan suka jefa ƙuri'a suka sayar wa Michael Eisner, Ba'amurken da ya taɓa shugabantar kamfanin Disney, bisa sharaɗin ba zai sauya suna ko launin rigar kulob ba sai da yardarsu. A 2024 Portsmouth ta ci gasar rukuni na uku ta koma na biyu. Tafiyar ta yi tsawo, amma da ƙafarta ta yi.

Ita kanta gwamnatin Birtaniya daga baya ta gane cewa ba a barin kura ta yi gadin akuya. Bayan wasu kulob sun bi sawun Portsmouth, har aka kori Bury daga gasa a 2019, sai majalisa ta yi doka a 2025 ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta riƙa duba lissafin kulob da asalin dukiyar masu sayensu.

Wannan darasi bai tsaya a Ingila ba. Dattawa a Badun suna tuna Leventis United, wadda ta ci gasar ƙasa a 1986 amma ba ta ga ƙarshen shekarun 1980 ba, domin masu ita sun janye hannu. Na Kano kuma suna tuna Raccah Rovers, zakarun 1978, waɗanda yau sai labari. Yawancin manyan kulob na Nijeriya a aljihun gwamnatocin jihohi suke, watau dai jaka ɗaya ce, in mai ita ya sauya ra'ayi ko ya sauka, sai 'yan wasa su shiga bin albashi. Kulob ɗin da bai biya na bara ba bai kamata a bar shi ya ɗauki na bana ba, ko na gwamna ne ko na attajiri.

Saboda haka in an sake jin an sa wa wani kulob takunkumi, kada a tsaya zagin hukuma a kan ta hana sayen ɗan gaba. Tambayoyin da suka dace su ne: ina hukumar take lokacin da ake cin bashin, kuma wa zai biya mai wanki da direba da mai kawo abinci? Magoya baya kuma su daina yi wa duk wanda ya zo da jakar kuɗi kirari kafin su san ko tasa ce. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya san girman kansa yakan biya na jiya kafin ya taya na yau. Allah ya sa a gane.