Farin magi da hantar ɓera: Me binciken ya tabbatar, me ya rage?

Lokaci zuwa lokaci sai saƙo ya karaɗe WhatsApp cewa masana sun gano farin magi yana lalata hanta. Maganar tana da tushe, sai dai an yanke mata kai da ƙafa kafin ta iso wayoyin jama'a.

Sinadarin da ke cikin farin magi, wato MSG, masanin Japan Kikunae Ikeda ne ya gano ɗanɗanonsa a 1908, kamfanin Ajinomoto kuma ya fara sayar da shi a 1909. Jigonsa shi ne gulutamet, wanda yake nan cikin tumatir da nonon uwa da daddawar da kakanninmu suka saba sakawa a miya.

Gwaje-gwaje da dama da aka yi wa ɓeraye, ciki har da na masana a Jami'ar Benin da aka wallafa a 2011, sun nuna illa a hanta: jijiyar jinin tsakiya ta buɗe, ƙwayoyin hanta sun jirkice, wasu ma sun mutu. Wannan sakamako ne na gaskiya, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne. A irin waɗannan gwaje-gwaje galibi akan ɗura wa dabbar sinadarin kullum a ma'aunin da ya zarce abin da mutum ke ci idan aka kwatanta nauyin jiki, wani lokacin ma ta allura. Shi kuwa gulutamet ɗin da mutum ya ci cikin abinci, hanji ne ke ƙone mafi yawansa kafin ya kai hanta. Shi ya sa kwamitin ƙwararru na hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya bai ɗora masa iyaka ba a 1987. A 2017 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ƙara taka-tsantsan, ta sa miligiram 30 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato kimanin giram 1.8 ga mai kilo 60.

Inda gizo ke saƙa shi ne sodiyom. Dunƙulen magi cike yake da gishiri, kuma a gidaje da yawa akan haɗa gishiri da dunƙule da farin magi a tukunya guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, saboda hawan jini.

Ita kuwa hanta, manyan maƙiyanta a Najeriya sanannu ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ke da riga-kafi. Ga kuma gubar afulatoksin a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya.

Don haka tambayoyin da matasa ya kamata su miƙa wa hukumomi a fili suke. NAFDAC ta tilasta rubuta yawan sodiyom a jikin kowane ƙunshi, ta kuma sa ido kan farin magin da ake ƙullawa a leda ba suna ba ma'auni. Gwamnatocin jihohi su sauƙaƙa gwajin cutar hanta, su tabbatar kowane jariri ya samu allurarta cikin sa'o'i 24 da haihuwa.