Abin da suka yar a Amurka, shi ake sauke mana a Kwatano

A watan Janairun 2007, ranar da Steve Jobs ya ɗaga iPhone ta farko ya nuna wa duniya, a ranar ce kamfanin Apple ya cire kalmar kwamfuta daga sunansa. An yi amarya. Yau wajen rabin kuɗin da ke shiga aljihun kamfanin daga waya yake fitowa, saboda haka ban yi mamakin yadda aka mayar da kwamfutar cinya bora ba. Haushi dai nake ji.

Aikina rediyo ne. In na je Djougou na naɗo hira da dattawa, katin SD nake zarewa daga rakoda in dawo Parakou in zauna tacewa: a yanke tari, a rage kukan babur, a daidaita murya da kiɗa. Mai cewa waya ta wadatar, ya zo ya gyara shirin minti talatin da babban yatsa mu gani.

To, me aka yi wa masu irin aikinmu? A 2016 aka fito da MacBook Pro babu ramin katin SD, babu kafar USB da kowa ya sani, wai don ta yi siriri kamar waya. Aka haɗa ta da wasu madannai da aka fara sakawa tun 2015, waɗanda 'yar ƙura ke maƙale musu har harafi ya ƙi fita. Ƙura fa! Wanda ya zana abin nan bai taɓa ganin hunturun Donga ba, lokacin da ko haƙoranka sai ka ji yashi.

Za a ce ai sun gyara. Gaskiya ne, a 2021 ramin katin ya dawo, a 2022 kuma suka amince su biya dala miliyan 50 ga waɗanda suka kai ƙara a Amurka. Wa ya ci wannan gyaran? Mu nan ba sabuwa muke saye ba. Ta hannu ce, wadda ta gama yi wa wani Bature aiki kafin a sauke ta a Kwatano, ta hau mota zuwa arewa. Gyaran madannai kyauta da kamfanin ya shelanta a 2018 shekara huɗu kawai yake rufewa daga ranar da aka fara sayar da na'urar. Kafin ta iso hannun ɗalibin jami'ar Parakou da ya tara sefa ɗaya-ɗaya, wa'adin ya daɗe da cika. Kuma duk faɗin Afirka babu kantin Apple na kansa ko guda.

Mai gyara na bakin kasuwar Arzeke gwani ne, ba na raina shi. Sai dai ma'ajiyar bayanan liƙe take a jikin allon, madannan kuma haɗe suke da murfi da batir. In harafi ɗaya ya mutu, rabin na'urar za a sauya, kuma sai an jira kayan daga Kwatano ko Legas.