Tukunyar Tururi da Ran Ma'aikaci

Muna yawan cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Tarihin kamfanin Babcock & Wilcox na ƙasar Amurka ya sa na ga yadda muke fakewa da wannan magana.

A ƙarni na 19, tururi ne ke juya injunan masana'antu da na jiragen ruwa. Tukunyar tururi ta wancan lokaci babban tanki ce cike da ruwa, ana hura mata wuta. In ƙarfen ya tsage, sai ruwan ya zama tururi nan take, tukunyar ta tarwatse. A watan Afrilu na 1865, tukwanen wani jirgin ruwa mai suna Sultana suka fashe a kogin Mississippi, mutum fiye da 1,000 suka rasa rayukansu.

A 1867, George Babcock da Stephen Wilcox suka kafa kamfaninsu a garin Providence. Dabararsu ita ce a raba ruwan cikin ƙananan bututai masu yawa, wuta tana lasarsu daga waje. In bututu ɗaya ya fashe, ɓarnar ba ta kai ta dā ba. Masana'antu suka yi ta saye, har tashar lantarki ta Thomas Edison a New York ta yi aiki da tukwanensu a 1882. Ashe abin da ake kira tsautsayi yana da magani, in an samu mai zama ya neme shi.

Amma labarin bai ƙare nan ba. Kamfanin ya yi shekaru yana naɗe tukwanensa da asbestos domin riƙe zafi. Ƙurar asbestos tana shiga huhu, ciwon kuwa ba ya fitowa sai bayan shekaru masu yawa. Dubban ma'aikata suka kai ƙara. A shekara ta 2000 kuɗin diyya ya fi ƙarfin kamfanin, ya nemi kariyar kotu, bai fita ba sai 2006.

A ganina, fashewar tukunya ta samu magani da wuri domin kowa yana jin ƙararta. Tarin ma'aikaci kuwa, sai iyalinsa ke ji da dare. Duk mai mutane a ƙarƙashinsa, ran ma'aikaci amana ce a hannunsa. Kada ya jira sai abu ya fashe kafin ya tambaya: mene ne yake cin mutanena a ɓoye?