Suna Ɗaya, Rubutu Uku

Sunan manazarci guda kan fito da siffa uku: Muhammad a kundin digirinsa, Mohammed a mujallar Ingila, Mahamadou idan a Yamai ya wallafa. Ɗalibin da ke neman bincikensa kan tsutsar gero sai ya zaci mutum uku ne, ko ya jingina wa wani guminsa. Tun 2012 tsarin ORCID ke bai wa mai bincike lamba mai gurbi 16, kyauta, wadda ba ta sauyawa ko ya sauya jami'a. Rubuce-rubuce kuwa suna da tasu lambar, wato DOI, tun 2000. Ya kamata jami'o'inmu su wajabta wa mai digirin digirgir yin ORCID, su kuma sa wa kundinsa DOI kafin a kai shi ɗakin karatu.