Waiwaye: Layyar Hunturu da Ƙirgen Watan Manomi

Duk wanda ya yi wayo a Disambar 2007 zai tuna yadda hutu ya hau kan hutu. Ran Talata 18 ga wata aka yi bikin ranar Jamhuriyar Nijar, wadda ta samo asali tun 1958. Kafin makon ya fita an yanka ragunan layya. Talatar da ta biyo baya Kirsimeti ce, ta bayanta kuma 1 ga Janairu. Ma'aikata da 'yan makaranta sun huta har sun gaji, amma wanda ya fi jin daɗin wannan Sallar shi ne manomi. Daga Agiye zuwa Gazawa, daga Cadawa zuwa Tsibiri, hatsi yana rumbu, an kai aya da wake da gyaɗa kasuwa, kuɗin rago bai gagari mai ƙaramin ƙarfi ba. Ga sanyi, ga wutar tareni ana kewaye da ita, ga iskar hunturu da ke busar da nama ba tare da ya lalace ba.

Layyar 2023 da ta 2024 da ta 2025 kuwa duk cikin Yuni suka faɗo, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, maigida yana neman iri, dabbobi sun rame da rani. Ita Sallar tana nan a 10 ga Zulhajji kamar kullum. Shekarar Hijira ce take da kwana 354 ko 355, ta Miladiyya 365, don haka kowace shekara Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya, sai bayan shekara 33 take komawa inda ta taso. Akwai rahama a cikin haka, domin azumi yana zagaya sanyi da zafi, ba a ɗora wa wata ƙasa bazara har abada ba. Amma ba a tsara wannan lissafi don shuka ba.

Mutanen Sin, waɗanda muka fara gani da yawa tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, su ma da wata suke ƙirga bukukuwansu. Watansu yana kamawa ranar da masana suka lissafa haihuwarsa, ba sa jiran gani da ido, shi ya sa sukan riga mu da kwana ɗaya ko biyu: sabuwar shekararsu ta 2026 ta kama 17 ga Fabrairu, kuma da wannan jinjirin watan ne Musulmi suka ɗauki azumi. Inda muka rabu da su shi ne sun ɗaure watansu a jikin yanayi. Dole ne dare mafi tsawo na shekara, wato 21 ko 22 ga Disamba, ya faɗo cikin watansu na sha ɗaya. In lissafi ya fara zamewa sai su ƙara wata guda, sau bakwai cikin shekara 19. Saboda haka sabuwar shekararsu ba ta fita tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu.

Abin da ke damuna shi ne mu ma muna da irin wannan dabara, muna kuma barin ta tana tafiya tare da tsofaffi. Manomin Gobir da na Katsinar Maraɗi yana da ƙirgensa daban da na liman. Bayan kaka yake fara lissafi, watan ɗaya, watan biyu, har zuwa na bakwai, wanda ake wa kirari da maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Ƙirgen ba ya zamewa, domin ana gyara shi da abin da ido ke gani: juyawar iska, faɗuwar Kaza da 'ya'yanta da sake fitowarta, da gawo, wanda ke cike da ganye cikin hunturu ya kuma kaɗe shi in damina ta ƙarato. Da wannan lissafi ake sanin lokacin sassabe, da kai taki, da ranar da ɗan ci-rani ya kamata ya baro Kano ko Legas ya dawo gida.

Yau yaro ya buɗe wayarsa zai ga ranakun hutun gwamnati, 3 ga Agusta da sauransu, zai ga kwanan watan Hijira, ya ga siffar wata ta kowane dare, har da kwanan watan Sin in ya so. Watan manomi ne kaɗai babu. Sinawa sun rubuta nasu, suna buga shi kusa da na Miladiyya a kalanda guda, ba su ga wannan ya hana wancan ba. Namu yana bakin dattawa ne kawai.

Aikin ba mai tsada ba ne, kuma hunturu ne lokacinsa, tunda babu gona, dattawa suna zaune bakin wuta da safe. Malamin makaranta a Gangara ko Cadakori zai iya tura ɗalibansa su tambayo kakanninsu wane wata ake ciki da ƙirgen noma, da wace alama suka gane, su rubuta. Gidajen rediyon karkara kuma, in sun faɗi kwanan watan Miladiyya da na Hijira da safe, su ƙara da na manomi a kai.