Tafi-da-gidanka a Amurka: wa ya zaɓa, wa aka kora?

Duk watan Janairu, wani ƙaramin gari a hamadar jihar Arizona ta Amurka mai suna Quartzsite yakan cika ya batse. Mazaunansa na dindindin 'yan dubbai ne kawai, amma da sanyi ya kankama a arewacin ƙasar sai motoci su yi ta kwararowa, kowace da wurin kwana da madafa da makewayi a cikinta. Wasu manyan bas ne da kuɗinsu ya fi na ginannen gida. Wasu ɗakuna ne masu taya da a-kori-kura ke ja. Wasu kuwa tsofaffin motocin kaya ne da aka shimfiɗa wa katifa, aka ajiye bokiti a lungu. Filin da suke sauka na gwamnatin tarayya ne. Doka ta yarda mutum ya yada zango kyauta na kwana 14 sannan ya matsa gaba, ko kuma ya sayi izinin wata bakwai, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu, wanda a shekarun baya aka daɗe ana sayarwa dala 180.

Bidiyon irin wannan rayuwa ya cika YouTube da TikTok, kuma ina ganin yadda matasanmu ke yaɗa shi suna sha'awa: miji da mata sun buɗe ƙofar mota da asuba, ga tafki, ga duwatsu, ba mai gidan haya, ba shugaban ofis. Ban ga laifin mai sha'awa ba. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, mutane iri biyu ne a wancan filin, ko da motocinsu sun yi kama. Akwai wanda in ya gaji da hanya yana da gidan da zai koma, ko kuɗin da zai kama wani. Akwai wanda motar ita ce ƙarshen abin da ya mallaka a duniya. Na farko matafiyi ne. Na biyu matsalar gidaje ce ta kore shi, kuma kiran halinsa da sunan 'yanci zalunci ne a kansa.

Rayuwar kanta aiki ce da ba ta ƙarewa, kuma mai bidiyo ba ya nuna wannan ɓangaren. Ruwa a tanki yake, sai an auna shi wajen wanka da wanke-wanke. Ƙazantar makewayi ma tanki take taruwa, in ya cika dole a nemi wurin da aka keɓe don zubarwa, sau da yawa da biyan kuɗi. Wuta daga faifan sola da batir take, girki da ɗumama ɗaki da gas. Hamadar da ta yi daɗi a Janairu takan wuce digiri 40 a Yuli, don haka dole a tashi a nufi arewa ko kan tsaunuka, man fetur kuma ba kyauta ba ne. Ranar da inji ya buga, gidanka ne gaba ɗaya ya shiga gareji. Ga kuma abin da ya fi damuna: ginannen gida yawanci darajarsa hawa take yi, mota kuwa tun ranar da ta bar wurin dillali take faɗuwa. Wanda ya sayar da gida ya sayi mota, duk shekarar da ta wuce hanyar komawarsa ƙara toshewa take yi.

Masana'antar ƙera motocin ba ƙarama ba ce. Mafi yawan waɗannan motoci a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, kuma a 2021, lokacin da annobar korona ta sa mutane gudun otal da jirgin sama, an fitar da sama da 600,000 a shekara guda. Galibinsu don hutun 'yan makonni aka yi su, da katako marar nauyi da bango siriri, ba don a kwana a tashi a ciki shekara da shekaru ba.

'Yar jarida Jessica Bruder ta bi mutanen rukuni na biyu, ta rubuta littafin Nomadland da ya fito a 2017. Da yawansu dattawa ne da rugujewar tattalin arziki ta 2008 ta cinye musu gida da ajiyar tsufa, fanshon gwamnati kuma bai isa biyan haya ba. Wasu garinsu ne ma ya mutu: a 2011 kamfanin da ya mallaki garin Empire a jihar Nevada ya rufe ma'aikatarsa, mazauna suka watse, har lambar gidan waya ta garin aka soke. To me irin waɗannan suke ci? Aikin ci-rani. Kamfanin Amazon ya yi shekaru yana gudanar da wani shiri mai suna CamperForce, yana ɗaukar masu zama a mota aiki a manyan ɗakunan ajiyarsa gab da Kirsimeti, inda mai shekara sittin da wani abu zai wuni a tsaye awa goma yana zarya a kan siminti. A watan Oktoba wasu su nufi Dakota ta Arewa da Minnesota girbin wani tushe da ake tatsar sukari daga cikinsa, awa goma sha biyu cikin sanyi. Da bazara su zama masu kula da sansanonin 'yan yawon buɗe ido, suna wanke bayan gida. Mai ɗaukar aiki ya samu ma'aikacin da ya zo da ɗakinsa, zai kuma tafi ranar da aka gama da shi ba tare da neman komai ba. An yi fim da littafin, ya lashe kyautar Oscar a 2021. Fim ne mai kyau, amma a ganina kyan hamada ya rufe ciwon gwiwar waɗannan dattawa.

Ba zan tauye musu haƙƙi ba. Da yawansu ba su yarda a kira su marasa gida, kuma suna faɗa da gaske cewa sun samu kwanciyar hankalin da ba su taɓa samu ba lokacin da suke bautar bashi. Bob Wells, wanda ya fi kowa suna a cikinsu, ya fara kwana a motar kaya ne a Alaska a 1995 bayan mutuwar aurensa, ba da son ransa ba. Daga baya ya rungumi abin, har ya kafa taron da ake yi duk shekara kusa da Quartzsite, inda tsofaffin hannu ke koya wa sababbi haɗa sola, gyaran taya, da yadda mace za ta kare kanta in tana tafiya ita kaɗai. Wannan zumunci ne na gaske, sun gina shi da hannunsu. Na yarda da su. Amma don mutum ya jure wahala har ya samo daɗi a cikinta, hakan bai wanke tsarin da ya jefa shi ciki ba.

Wasu kan kwatanta su da makiyayanmu. Kwatancen bai zauna ba. Bafulatanin da ke tashi da garke, dukiyarsa ce yake bi, tana haihuwa a hanya, kuma yana tafe da mata da 'ya'ya da dangin da za su ɗauke shi ranar da ƙafa ta gaza. Dattijuwar da ke tuƙa mota ita kaɗai daga Arizona zuwa Dakota, wa zai ɗauke ta? Ƙungiyar Escapees, wadda aka kafa a 1978 kuma take da mazauni a Livingston ta jihar Texas, ta hango wannan tambayar, ta buɗe wata cibiya inda wanda ciwo ko tsufa ya hana tuƙi zai ajiye motarsa, a ba shi abinci, a kai shi asibiti. Aiki ne na alheri, sai dai wuri ɗaya ne ga ƙasa mai faɗin Amurka.

Ita hukuma kuwa adireshi take nema kafin ta san da zamanka. Lasin tuƙi, inshora, asusun banki, rajistar zaɓe, duk sai da shi. Shi ya sa dubban mutanen da ba su zaune a Texas ko Florida ko Dakota ta Kudu suke zama 'yan jihar a takarda, ta hanyar kamfanonin da ke karɓa musu wasiƙu. Mai hali yana cin ribar wannan, don jihohin ba su karɓar harajin albashi. Marar hali kuwa, wanda aikinsa ko asibitinsa ke cikin birni kuma ba zai iya tafiya hamada ba, shi ne ɗan sanda ke ƙwanƙwasa wa gilashi da tsakar dare. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta yanke a shari'ar garin Grants Pass cewa birane na iya hukunta masu kwana a wuraren jama'a, kuma waɗanda suka kai ƙarar har da masu kwana a mota. Tarar da za a ci mutumin da ya kasa biyan haya, daga wane aljihu za ta fito?

Mu ma da ake neman kuɗin hayar shekara guda a dunƙule a Abuja da Legas, mun san 'yan ci-ranin da ke kwana a bakin shago da tashar mota, kuma ba mu taɓa ɗaukar hakan abin sha'awa ba. Don na Amurka yana da mota mai fenti da faifan sola, bai kamata idonmu ya ruɗu ba.

A Amurkar ma, akwai biranen da suka zaɓi wata hanya ba ta cin tara ba. A Santa Barbara ta jihar California, tun 2004 wata ƙungiya take aro filin ajiye motoci na coci-coci da ofisoshi da daddare. Mai kwana a mota ya yi rajista, ya shigo da yamma, ya yi barci ba fargabar kora, ya fita da safe kafin masu wurin su iso. Kowane ɗaya kuma ana haɗa shi da ma'aikacin jin ƙai da aikinsa shi ne ya nemo masa ɗaki mai ƙofa da makulli.