Daga Jiratawa zuwa Tibiri: ina rabon mai keke a bisa kwalta?

Maganar yau ta keke ce. Na san wani zai ce duk matsalolin da suka ishe mu, an rasa abin magana sai keke? Ku yi haƙuri ku bi ni a hankali, don maganar ta shahi rai, ta kuma shahi aljihu.

Garuruwan nan uku gulbi ɗaya ya haɗa su. Tibiri na arewa maso yamma, Jiratawa na kudu, Maraɗi na tsakiya, kuma kowanne bai kai kilomita 20 daga babbar kasuwa ba. Ba dutse, ba wani hawa mai wahala in ban da ɗan tudun da ake hawa in an baro fadama. Mai keken da ba ya gaggawa yana iya cin kilomita 15 a awa guda. Ke nan wanda ya baro Jiratawa bayan sallar asuba yana cikin kasuwa tun rana ba ta yi zahi ba. A Turai hukumomi kuɗi suke zubawa su tsara hanyoyin keke a kewayen gari, su zana taswira, su kafa alluna. Mu nan Allah ya ba mu su a shimfiɗe: ka bi ta Tibiri ka ga fadar Sarkin Gobir, ko ka yi kudu ta cikin garake da gonaki masu gawo har tabkin Madarumfa.

Kuma ba wai hanyoyin ba kowa a kansu ba. Ku hito da sahe ran Litinin ko ran Juma'a ku gani. Masu zogale daga garaken Jiratawa, hilin noman ranin nan da aka gina tun farkon shekarun 1980, wanda ya haura eka 500, sun ɗaure buhu a bayan keke har ba ka ganin mai tuƙin. Ga masu harawa da ciyawa da ke ciyar da tumakin cikin gari. Ga magina, ga masu gadi da suka kwana aiki suna komawa gida, ga ƴan lakwal da jaka a baya. Waɗannan su ne ƴan keken Maraɗi na gaskiya, kuma ba don motsa jiki suke yi ba. Abincin gidansu ne a bisa tayoyin nan biyu.

To amma ina rabonsu a bisa kwalta? Babu.

Bari in gaya muku yadda abin yake faruwa, don mai mota ba ya ganin sa ta cikin gilashi. Iska da ruwan damina suna tara rairayi a bakin titi. Bakin kwaltar kansa ya cinye, ya bar gaɓa kamar tsani. Tayar keke siririya ce, da ta gaba ta shiga rairayi sai ta nutse ta karkace, in akwai kaya a baya kuwa sai faɗuwa. Saboda haka mai keke dole ya matso ciki, inda kwaltar take da tsabta. To can ne kuma hanyar kamiyo. Hanyar Tibiri ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nuhi Damagaram. Ta kudu kuma tana ɗaukar manyan motocin da ke zuwa Ɗan Isa da Jibiya. Direban tirela ya danna oda a bayanka, zaɓi biyu gare ka: ka faɗa rairayi ko ka tsaya ka yi ta salati. A cikin gari ma ɗan wurin da ya rage mai tebur ya kafa rumfa, mai mota ya aje motarsa ya tahi shan shayi, amalanke ta tsaya sauke kaya. In tsautsayi ya auku, kalmar farko da za ka ji daga bakin ƴan kallo ita ce "mi ya kai shi tsakiyar hanya?" Rairayi ya kai shi, malam.

Ba na wanke masu keke sarai. Akwai mai tahiya da dare ba hitila, ba ko ɗan abin da ke ƙyalli a baya, sanye da baƙar riga. Akwai wanda birkinsa takalminsa ne. Akwai masu bin hannun da ba nasu ba. Wannan laihinsu ne, kuma gyaransa bai kai kuɗin katin waya na mako ba.

Yanzu maganar kuɗi. Shekara da shekaru Maraɗi ta dogara da man ruwa-ruwa mai arha daga ƙetaren iyaka, shi ya sa babur ya kori keke daga gidaje da yawa. A watan Mayun 2023 Najeriya ta janye tallahin mai, arhar nan ta tahi. Bayan 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka na watanni. A watan Maris na 2025 kuma kowa ya ga layin da aka yi a gidajen mai. Duk sa'ad da irin wannan ta faru, mai kabu-kabu ya ƙara kuɗi, kuma ba laihinsa ba ne. Mu ɗauka, misali kawai, zuwa da komowa na cin ma ma'aikaci jika ɗaya a wuni. A kwana 26 na aiki jika 26 ke nan. Ku lissafa ta a tiyar hatsi. Mai keke kuwa abin da ke cin kuɗinsa faci ne da ɗan man sarƙa.

Abin da ya hi ba ni haushi shi ne raini. Mun mai da keke alamar talauci. Saurayi ya gwammace ya ci bashin babur da a gan shi a unguwar budurwarsa bisa keke. Ɗiya mace kuwa da ta fara girma sai a ce ta sauka, ba kyau. Sai ta koma tahiyar ƙasa zuwa lakwal a cikin rana, ko uban ya gaji da biyan kabu-kabu ya ce ta zauna gida. Wagadugu ba Turai ba ce, amma can mata da tsofaffi da ma'aikatan ofis suna hawan keke ba wanda ya dube su, kuma a wasu manyan titunan an ware ma masu taya biyu gefensu. Ba mamaki Burkina ta riƙe gasar Tour du Faso tun 1987. A 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango 3 a Tour de France, ya tahi gida da koriyar riga. A Satumbar 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karon farko a Afirka. Ƙasashen nan duka keken yau da kullum suka fara girmamawa.

Shi ya sa in wani ya ce mini a shirya tseren keke Jiratawa, Maraɗi, Tibiri, sai in ce madalla, zan ma ba da labarinsa kai tsaye a rediyo da irin muryar da muke yi ma kokowa. Amma tsere awa uku ne. Jandarma su tsare hanya, a share, a tafa, a ba da kohi. Washegari mai zogale ya koma cikin rairayinsa. Ni nasa nake nema tukuna.

Lokacin Maraɗi Kwalliya, bikin 18 ga Disamba na 2015, an shimfiɗa tituna, garin ya yi kyau, ba mai musu. Sai dai a ganina da mai mota aka yi tunani. Abin da nake roƙon kantomomin da ke riƙe da garuruwan nan uku, tare da ma'aikatar da ke kula da hanyoyi, bai kai wannan tsada ba. A kwashe rairayin bakin kwalta a kai a kai, ba sai babban baƙo zai zo ba. A cike bakin da ya cinye. A ja farin layi a bar ma masu keke ko da mita ɗaya da rabi, a kuma hana kafa tebur a ciki. Duk sabuwar kwangilar hanya a rubuta wannan a cikinta tun daga takarda. Su zauna tare, don mai keke ba ya sanin inda iyakar wata hukuma ta ƙare ta wata ta fara. Kuma in layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya iso, manyan motocin dakon kaya ƙaruwa za su yi, ba raguwa ba.

Ga matasan da ke son hita yawon keke ranar hutu, lokacin sanyi ya hi, da sassahe. A bazara zahi yana haura digiri 40, kada ka yi wasa da ruwa. Ka tahi da famfo da kayan faci, don da ka sauka daga kwalta tsidau na jiran tayarka. Ku tahi a ƙungiya, ku komo kahin magariba. Yankin Gabi da ƙauyukan bakin iyaka kuwa, kun san halin da ake ciki da masu satar mutane, kada a je can da sunan yawo.

Wanda ya san inda rairayi ya hi cin hanya, ko inda aka saba kaɗe masu keke tsakanin Jiratawa da Tibiri, ya turo mana sunan wurin daidai, da alamar da ke kusa. Za mu karanta su ɗaya bayan ɗaya a shirin sahe, mu kuma miƙa jerin ga kantomomin.